Malta: Ruwan Ƙarƙashin Dutse Ko Tataccen Ruwan Teku?

Tsibirin Malta da ke Bahar Rum ba shi da kogi ko tafki na dindindin. Ƙasarsa dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ruwan sama na sauka ya zurare ciki nan take. A can ƙasa ruwan daɗin ke taruwa, yana iyo a kan na gishiri kamar mai a kan miya. Idan ya ɗara matakin teku da mita 1, to akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa.

Wannan ruwa shi ne mai araha. An haƙa dogayen hanyoyi a cikin dutse, kamar na Ta' Kandja, ana ɗibarsa daga sama-sama. Amma da zarar an matsa wa rijiya da zuƙa, gishiri ya taso, kuma komawarsa sai an yi shekaru. Ga takin gonaki da ke bin tsagar dutse ya gangara ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Tace ruwan teku kuwa, wanda aka fara a Għar Lapsi a farkon shekarun 1980, bai damu da fari ba, kuma yanzu shi ke ba da fiye da rabin ruwan famfo. Matsalarsa cin wutar lantarki, da tsada.

Ni dai na fi karkata ga tatar, ko da aljihu zai ji jiki. Inji idan ya lalace ana gyara shi cikin kwanaki. A Malta ma gauraya biyun ake yi kafin a tura gidaje.