Kwas ɗin bulog: wata huɗu ina rubutu kafin in san AdSense ba ya karɓar Hausa

Na so in yi wannan magana tun da daɗewa, na bari ne sai zuciyata ta huce. Kwas ɗin nan na koyon buɗe bulog (shafin rubutu a intanet) da samun kuɗi ta hanyar AdSense, wato tsarin Google da ke sanya talla a shafinka ya biya ka, wanda ake ta yaɗawa a Facebook, kun san shi, kun kuma san kuɗinsa. Ni adashina na kwasa na biya, da fatan in samu abin da zai riƙa tallafa wa albashin koyarwa.

Ranar da aka saka mu a rukunin WhatsApp, abin da na fara tambaya ke nan: "Malam, ni da Hausa zan riƙa rubutu, a kan girki. Babu matsala?" Ya ce, "Babu komai Hajiya, ki dai dage, AdSense zai zo." Har yau saƙon muryar yana cikin wayata.

Na kuwa dage. Na buɗe shafi a Blogger, wato dandalin buɗe bulog, na sayi sunan adireshin shafin. Kullum bayan isha'i idan yara sun yi barci, sai in zauna a bakin gado ina dannawa da ɗan yatsa, wani lokaci da fitilar caji don an ɗauke wuta. Dambun shinkafa da zogale, funkaso, sinasir, yadda ake miyar taushe ba tare da ta tsinke ba. Alkaki kaɗai sau uku na soya kafin in samu hoton da ya yi mini. Bayan wata huɗu na nemi AdSense, amsa ta dawo cewa harshen shafina ba ya cikin waɗanda ake karɓa.

Ƙanina ne ya buɗo mini jerin harsunan a shafin Google. Ga Turanci, ga Faransanci, ga Larabci, ga Hindi da Urdu da Bengali. Na duba daga sama har ƙasa sau biyu, babu Hausa. Kuma ba ɓoye abin aka yi ba, yana nan a fili, minti biyu ya isa mutum ya gani. To wanda ya karɓi kuɗin Hausawa, yana koyarwa da Hausa, ta yaya zai ce bai sani ba? Idan kuwa ya sani ya yi shiru, abin ya fi muni. Da na tura masa hoton amsar, cewa ya yi in mayar da rubutuna Turanci da manhajar fassara. Matan da ke karanta ni a Zariya da Katsina da Maraɗi, Turanci suka zo nema? Wallahi a daren nan sai da na yi hawaye.

Ba zan zalunce shi ba, akwai abin da na ƙaru da shi. A wurinsa na san cewa ko an karɓe ka, sai kuɗinka ya kai dala 100 kafin a biya ka, kuma idan ya kai dala 10 ake aiko da lambar PIN ta gidan waya don tabbatar da adireshi. Darasin rubutun talla da ake biya kuwa, shi ne ya tsamo ni. Ya koya mana mu tsara farashinmu a rubuce, mu nuna wa mai kaya adadin masu shiga shafi, mu karɓi rabin kuɗi kafin aiki, mu kuma faɗa wa mai karatu ƙarara cewa wannan talla ce. Haka na yi da wata baiwar Allah mai sayar da yajin daddawa da garin kunun gyaɗa. Ta aiko mini da kaya, na yi sati ina girki da su kafin in rubuta komai. Ranar da kuɗin ya shigo ina aji, sai da na fita baranda na sake duba saƙon banki. Ta kuma kawo mini ƙawarta mai turaren wuta. A lokacin har na ji kamar in yafe masa.

Amma da na tuna, wannan darasin shi ne bidiyo na ƙarshe, gajere, kamar an yi shi don cike gurbi. Duk tallar kwas ɗin hotunan dalolin AdSense ne. Da tun ranar farko ya ce, "Hajiya, ke hanyarki masu sana'a ce, ba Google ba," da ban ɓata wata huɗu ina jiran gawon shanu ba, ga datar da na ƙona wajen sauke bidiyoyin da ba su shafe ni ba. Kuma da muka fara ƙorafi mu da yawa masu rubutu da Hausa, sai aka kulle rukunin, shi kaɗai ke iya magana.

Na rubuta masa ta waya cewa ban nemi kuɗina ba, ya dai sanya gargaɗin nan a tallarsa saboda na baya. Ya karanta, bai amsa ba. Jiya na ga ya buɗe rajistar sabon aji, da hotunan dalolin nan dai.