Rautar tana da gudu, amma ƙofar da na saye ta dominta ba ta buɗu ba

Wata huɗu ke nan da na kafa rautar nan mai cin sim, wato na'urar raba intanet, a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura. Maganar gudu ba ni da ƙorafi. Tana ɗauke da kwamfutata ta lissafin shago, da ta ƙanena, da na'urar kyamarori, ga wayoyin mutanen gida, ba ta taɓa gazawa ba.

Sai dai ba don kallon bidiyo na saye ta ba. So nake in na yi tafiya in shiga kwamfutata daga nesa ta Remote Desktop, manhajar sarrafa kwamfuta daga wata kwamfutar. Na faɗa wa mai shagon haka tun kafin in biya, ya ce, "Alhaji, akwai wurin buɗe ƙofa a saitinta, kada ka damu."

Wurin kam akwai shi. Gidan gaba ɗaya lambar IP ɗaya, wato adireshin intanet, yake da ita a waje, rauta ce ke raba wa na'urorin ciki lambobi masu farawa da 192.168. Duk mai sallama daga waje a zaure yake tsayawa, sai an gaya wa rauta ƙofa kaza ta ɗakin wane ce. Na ba kwamfutata ƙofa ta 3389, wadda Remote Desktop ke shiga ta cikinta. Ƙanena ya zo sa tasa, ta ƙi, domin ba a ba kwamfuta biyu ƙofa ɗaya. Muka ba shi 3390 daga waje, tana kai shi 3389 a ciki. Guraben ma goma ne kacal, kyamarori suka cinye uku. Duk wannan na haƙura da shi.

Ranar ɗaurin auren ɗiyar yayata a Daura, wani abokin ciniki ya kira yana neman lissafin kayansa a take. Na buɗe laftof a mota, shiru. Na kira ƙanena, ashe an ɗauke wuta da safe, da rautar ta tashi sai ta sauya wa kwamfutocin lambobi. Ya gyara, ya ɗaure wa kowace tata. Na sake gwadawa har aka kira la'asar, ko motsi. Mutumin ya kai cinikinsa wani wuri, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da na dawo, wani yaro mai gyaran kwamfuta ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Lambar da kamfanin layin ya ba rautar da 100.64 ta fara, wadda intanet ke gani kuma daban. CGNAT ke nan: lambobin IP irin waɗannan, da ake kira IPv4, kimanin biliyan 4.3, sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanin layin ke haɗa mutane da yawa a lamba ɗaya. Wato akwai wani zauren gaban nawa, makullinsa kuma ba a hannuna yake ba. Gwajin da muka yi a baya duk a cikin gida ne, shi ya ruɗe mu.

Da na so in ba rautar makin tauraro huɗu, tunda rabin laifin na layin ne. Amma in na tuna mai shagon ya ji buƙatata da kunnensa, biyu zan bayar. Na nemi lamba tawa ni kaɗai a wurin kamfanin, suka ce sai na koma tsarin 'yan kasuwa. Yanzu AnyDesk, wata manhajar shiga kwamfuta daga nesa, nake amfani da ita, tunda daga ciki take ƙulla hulɗa, ba ta jiran a buɗe mata ƙofa.