Awon maƙoƙo a wani asibitin kuɗi a Garwa ta Kamaru: abin da ya gamsar da ni da abin da ya rage

Na kai ƙanwata wannan ƙaramin asibiti ne bayan ta shafe watanni tana fama da kasala, da zubewar gashi, da jin sanyi har a tsakiyar zafin watan Afrilu, ga kuma kumburi a gaban wuya. A gida kowa ya yanke cewa maƙoƙo ne na ƙarancin aidin, sinadarin nan da ake ƙara wa gishiri, har wata maƙwabciya ta kawo mata ƙwayoyin ƙarin sinadarin.

Likitan hoto bai yi gaggawa ba. Ya kwantar da ita, ya sa matashi ƙarƙashin kafaɗunta don wuyan ya miƙe, ya shafa man nan mai sanyi, sannan ya juyo allon ekogirafi, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, wajenmu. Ya nuna mana cewa lafiyayyen tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, yakan fito da haske, sumul, amma nata ya yi duhu da dabbare-dabbare. Duk da haka ya ƙi yanke hukunci da hoto kaɗai, sai da awon jini ya nuna TSH, sinadarin da ke zaburar da tayirod, ya hau, kuma akwai anti-TPO, alamar cewa garkuwar jiki tana kai wa tayirod hari. Cutar Hashimoto ce, wadda wani likitan Japan ya fara bayyanawa a 1912, inda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi tayirod ɗin mai ita.

Inda asibitin ya fi burge ni shi ne zancen abinci. Likitar da ta karɓe mu ta ce, "Malama, ki ajiye waɗancan ƙwayoyin," domin yawan aidin yana iya tsananta wannan cuta, kuma babban mutum maikrogiram 150 kacal yake bukata a rana, abin da gishiri mai aidin da kifin kasuwa sukan wadatar. Ba ta hana ta tuwon gero ba, ko da yake gero da rogon da ba a jiƙa sosai ba suna iya taimaka wa maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci. Ta fi tsayawa kan ƙwayar levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin da tayirod ya gaza samarwa: a sha da ruwa zalla, cikin ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin kunun gyaɗa ko shayi da madara, a kuma raba ta da maganin ƙarin jini da awa 4. Har ta tambayi yadda muke sahur, don ta tsara mata lokacin shan magani a azumi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne takardar sakamako, wadda aka rubuta da Faransancin likitoci zalla, kuma duk wannan bayani mai amfani ba a rubuta ko layi ɗaya daga cikinsa ba. Tsohuwar da ta zo ita kaɗai daga ƙauye za ta manta rabinsa kafin ta isa tasha. Kuɗin awon jinin ma ya yi wa talaka nauyi, alhali dole a maimaita shi bayan mako 6 zuwa 8 don daidaita maganin. Duk wanda zai je, ya tafi da biro da ɗan littafi, da wanda yake jin Faransanci.