LG Dual Inverter 1.5HP da danshin Legas

Matsalar Legas ba zafi kaɗai ba ce, danshi ne. Da damina yakan haura kashi 80 cikin 100, sai ka ga takalmin fata ya yi funfuna a cikin wadirof. A nan wannan esi ta yi abin yabo.

Danna maɓallin Mode a rimot har alamar ɗigon ruwa ta fito, wato yanayin rage danshi, ka rufe tagogi. Fanka za ta rage gudu, iska ta daɗe kan bututun sanyi, ruwan cikinta ya tsatso ya bi tiyo waje. Abin nema shi ne danshi ya sauko 50 zuwa 60.

Amma fa dole girman esi ya dace da ɗaki. Ka sa ta a ƙaramin ɗaki irin na hayar Agege, sanyi zai cika kafin ta tsotse ruwan. Ga sanyi, ga zanin gado na manne wa jiki. Can 1HP ta isa.

Dole tiyon ya gangara sosai, in ba haka ba ruwa ya dawo ya jiƙa bango. A wanke rariyar tace ƙura ta cikin esin duk mako biyu. Mutanen Lekki da Ajah kuwa, iskar teku na sa injin esin da ke waje tsatsa. A riƙa ɗauraye shi.