Gargaɗi ga masu shago a gida: a kiyayi masu sayar da akwatin tiri-fes

Jama'a, musamman kafintoci, masu walda da masu injin niƙa, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Ka sayi injin tsaga katako ko kwamfuresa na hannu, ka kawo gida, sai ka tarar motonsa na wuta mai layi uku ne, wato tiri-fes, kai kuwa layi ɗaya ne ya shigo gidanka. Nan take wani zai ɓullo ya ce kada ka wahalar da kanka da kamfanin wuta, yana da akwatin da ke mayar da layi ɗaya ya koma uku.

Zai zo ya jona, ya kunna, moton ya tashi yana juyi lafiya lau. A nan ake kama mutane, domin ba ya yarda a gwada da aiki a kai, har bel ɗin ma cirewa yake yi wai don ka ji sautin moto. Ka buɗe akwatin ka gani: kafasito biyu ko uku ne da makunni, an fesa fenti an manna takarda. Kafasito yana iya tura moto ya tashi, wannan gaskiya ne, kuma ko wanda aka ƙera da kyau kusan kashi 2 cikin 3 na ƙarfin moton kawai yake bayarwa. Amma ba ya ƙara ƙarfin wuta. Wutar gida bolt 230 ce, layi uku kuwa bolt 400 zuwa 415 ne tsakanin kowace waya da 'yar uwarta. Da ka cusa katako sai moton ya fara nishi, jikinsa ya ɗauki zafin da ba ka iya ɗora hannu, warin ƙonannen banish ya cika shago. Kwayil ya tafi. Ka kira mutumin ya ce ai injinka ne dama mai matsala, kwana biyu kuma lambar ta daina shiga.

Akwai na'urar gaskiya, ita ce VFD, wadda masu gyara ke kira inbata ta moto. Sai dai irin da aka fi samu, mai karɓar layi ɗaya, bolt 230 take fitarwa a layi uku, kuma galibi iyakarta kilowat 2.2, wato doki 3. Saboda haka duba farantin da ke jikin motonka. In an rubuta 230/400, ana iya juya haɗin wayoyinsa zuwa delta, wato haɗin da ke karɓar bolt 230, ya yi aiki. In 400/690 ne, ba za ta ɗauke shi ba. Duk wanda ya ce zai tayar maka da moton doki 10 daga soket ɗin ɗaki, kuɗinka yake so. Wannan moton zai ja sama da amfiya 40 a layi ɗaya, ban da abin da yake zuƙa lokacin tashi.

Wasu kuma sun fi wannan rashin imani. Za su ce sun san wani a ofis, ka ba su kuɗin mita da na layi a hannu. Da daddare su hau falwaya su sauko maka da waya ja, rawaya da shuɗiya, alhali duk daga layi guda aka ciro su. Gwajin ba wuya: a sa na'urar awon wuta tsakanin ja da rawaya, rawaya da shuɗiya, shuɗiya da ja. Dole duka ukun su nuna wajen 400, kusa da juna. In ka ga sifili, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ko da sun ciro ukun na gaske, haɗin sata ne, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kai, kuma a shagonka za a tarar da wayar, ba a nasu ba.

Sai wayar kanta. Suna kawo wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ciki alminiyam. Kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana mayar musu da kayansu. Alminiyam bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, ga shi yana saki a bakin kusa, wurin ya riƙa zafi a hankali. A shagon da garin katako ya lulluɓe ko'ina, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Mai son layi uku ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin kamfanin yankinsa, KEDCO ne a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara, ya cike takarda, ya biya ta asusun da suka bayar, ya riƙe rasit. Mai wayarin kuma ya nuna shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai duba aikin wutar lantarki, ya sa bireka mai ƙafa uku, abin kare moto daga nauyi, da atin da aka binne a ƙasa. Kada a biya cikon kuɗin aiki sai injin ya tsaga katako a gabanka na rabin awa, ka taɓa jikin moton da hannunka.