Jeren duwatsu ko dashen jema a gonar gangare?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wanne ya fi hana ruwa kwashe ƙasa a gonar gangare. Tsakanin jeren duwatsu da dashen ciyawar jema, in dai akwai dutse a gonarka ko kusa da ita, ka jera dutse kawai.

Gonarmu ta gado a gindin tsauni take. Da can in aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya tsaga ta ya kwashe takin da muka zuba ya kai wa maƙwabcinmu na ƙasa. Da rani ni da ƙannena muka ɗauko doguwar tiyo mai ruwa a ciki, muka riƙa gwada inda ƙasa ta yi daidai muna kafa turaku, don layin ya gitta wa gangaren. Muka tona ɗan rami, zurfinsa bai kai taƙi ba, muka zaunar da manyan duwatsu a ciki, ƙananan muka cusa ta gefen sama. Kada ka toshe layin ruf, so ake ruwa ya tsaya ya huta, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, sannan ya tsiyaye. Damina ɗaya na ga baƙar ƙasa mai laushi ta taru a bayan kowane layi, dawar wurin ta fi ta ko'ina kauri. Ko da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ita ce ta ƙarshen yin yaushi.

Kuma ba sabon abu ba ne. Mutanen Sukur a Adamawa da na tsaunukan Gwoza da dutse suka gina gonakinsu hawa-hawa tun kaka da kakanni. A Keita ta ƙasar Adar a Nijar ma, aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da dutse ya tare ruwa. Sai dai in gangaren naka ya yi tsaye sosai, layi ɗaya ba ya riƙewa, sai ka matso da layukan kusa da juna.

Jema kuwa, to, ba laifi. Saiwarta na nitsewa ƙasa sosai, amma sai ta ci damina biyu kafin ta haɗe ta zama shinge, tana tohowa kuma awaki na bi. Wadda na saya rabi ce ta kama. Ta wanda ba shi da dutse ce.

In ma za ka saye ta, ka yi hattara. Akwai masu tumɓuko gamba su datse kanta su ce jema ce. Ka karya saiwar ka shinshina, ta gaskiya tana da ƙamshi. Masu tifa ma haka, sai ka biya kuɗin dutse a juye maka marmara, wadda ruwa zai marmashe. Kada ka ba da ko sisi sai an sauke a gabanka.

Ka fara daga saman gonar, ka gama kafin ruwan farko. Allah ya ba da damina mai albarka.