Wayar haƙora, roba ko filasta: me za ku saya wa matashi mai numfashi ta baki?

Yaron da ke kwana baki buɗe yana minshari, sau da yawa za ku ga haƙoransa na sama sun turo gaba, ganɗarsa ta tsuke, fuskar kuma ta yi tsawo. Idan baki na buɗe, harshe ƙasa yake kwanciya, ya bar ganɗa ba mai tokare ta, kumatu su yi ta matso ta daga gefe. Gado ma na da hannu a ciki, kada a ɗora wa numfashi laifin duka.

Kuɗin farko na likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne. Shi zai gano abin da ya toshe hancin: kumburin naman bayan hanci, ko alaji, ko karkacewar guringuntsin tsakiya. Wani yaron maganin fesawa ya ishe shi, wani sai tiyata. In aka jera haƙora hancin na toshe, aikin na iya warwarewa.

Bayan nan sai likitan daidaita haƙora. Idan muƙamuƙin sama ya tsuke, akwai ƙarfen faɗaɗa ganɗa, amma yana da lokacinsa. Ya fi aiki kafin ƙashin ganɗar ya gama haɗewa, wanda yakan faru a tsakiyar shekarun samartaka. Ɗan shekara 12 na da damar da ɗan 18 ba lallai ya samu ba sai an haɗa da tiyata.

Waya mai mannewa a haƙora don jera su kan ɗauki wata 18 zuwa 24, tana kuma iya gyara matsala mai wuya ta cizo, wato yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa. Robar jera haƙora mai cirewa irin Invisalign ba ta fiye nunawa ba, shi ya sa matasa ke sonta, sai dai dole a sa ta awa 20 zuwa 22 kullum. Ku kuka san ɗanku. In mai mantuwa ne, ni dai waya zan zaɓa masa.

Filastar rufe baki da ake talla a intanet, ku bar ta. Liƙe bakin mai toshewar hanci haɗari ne. Motsa harshen da ake yayi a TikTok wai yana gyara haɓa, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kansa. Horon harshe a hannun ƙwararre yana taimakawa, amma ƙari ne, ba ya maye gurbin sauran.

Kafin ku amince da farashi, ku tambaya ko ya haɗa da hoton ƙashi, da zuwan duba aiki, da abin riƙe haƙora bayan cire waya, domin shi za a daɗe ana sawa da daddare.